Wa ke riƙe da makullin famfo? Tarihin kwangilar ruwa da shara a Tondikandiya da ƙasar Kurfai



Duk garin da aka kafa shato kuma aka ba ɗan kasuwa riƙonsa, akwai takarda guda da ke mulkin ruwansa, kuma mafi yawan masu shan ruwan ba su taɓa ganin ta ba. Ita ce takardar kwangila tsakanin ma'aikatar magajin gari da mutumin da aka damƙa wa famfo. A ciki aka rubuta kuɗin bido, da wanda zai biya in inji ya ƙone, da kwana nawa aka yarda gari ya yi babu ruwa kafin a ce ɗan kwangila ya saɓa alkawari. In famfo ya tsaya mukan zagi ɗan kwangila, shi ya ɗora wa meri, meri ta ɗora wa gwamnati, gwamnati ta ce ai ta daɗe da miƙa ruwa ga kwamin. Don a gane wa ke da gaskiya sai an koma baya, domin wanga tsari bai kafu sosai ba sai a 2010, kuma kafin shi an gwada wasu har biyu.

Mu fara da ƙasar kanta. Wanda ke zaune cikin kwarin Dallol Boso bai san wahalar ruwa irin ta mutumin tudu ba. A cikin dallol ruwa na kusa, gaba kaɗan ka tarar da shi, ko da yake a wasu wurare yana da ɗanɗanon kanwa. Da ka hau tudu kuwa sai a yi ta haƙa gaba ashirin, talatin, ko fiye, igiya ta cinye hannun mata. Shi ya sa tun kaka da kakanni wanda ya gina rijiya shi ke da gari. Zuri'arsa ke da ta-cewa kan wa zai shayar da dabbobi da kuma yaushe, amma ba a hana ɗan Adam sha. In rijiya ta cika da yashi a yi gayya a yashe ta, in bakinta ya rufta a saro itace a gyara. Ba a biyan kuɗi, amma kowa ya san mai rijiya, kuma in ta lalace an san ƙofar da za a buga.

Zamanin Nasara ya kawo aikin tilas. Hanya, gidan kumandan, sharar bariki, duk da ƙarfin talaka aka yi su ta hannun sarakuna, har sai da dokar 11 ga Afrilu 1946 ta soke aikin dole a ƙasashen da Faransa ke mulka. Abin da ya rage mana daga lokacin shi ne wani tunani da har yau bai fita ba: tsabtar fili aikin hukuma ce, kuma tana zuwa ne da tara da bulala. Cikin gida kowace mace na sharewa tun asuba. Bayan katanga kuwa na kumandan ne.

Bayan samun mulkin kai, gwamnatin Diori Hamani ta kafa OFEDES a 1963. Dattawa sun san sunan, don har gobe in an ga rijiyar siminti mai faɗi sai a ce rijiyar OFEDES ce. Ma'aikatar gwamnati ce, da motocinta da maginanta, tana gina rijiyoyi, tana zagayawa tana yashe su, tana kula da tashoshin ruwa na makiyaya. Kuɗin na fitowa daga baitulmali da kasafin gundumomi, waɗanda dokar 1964 ta ba su matsayin ƙananan hukumomi, har da ta Filinge. Sai dai kasafin yana hannun su-prefe ne, mutumin da aka naɗo daga Yamai. Talaka na biyan lanho, bai san kashi nawa ya tafi rijiya ba, kuma ba shi da wurin tambaya. A garuruwa kuma ruwan famfo da wuta duka suna hannun NIGELEC, wadda aka kafa a 1968.

Babban canji ya zo zamanin Seyni Kountché, wanda kowa ya san ɗan Fandu ne, nan cikin Tondikandiya. Ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974 ana tsakiyar fari, ga kuɗin uraniyom na shigowa, sannan Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 1981 zuwa 1990 a matsayin shekaru goma na ruwan sha da tsabta. Sai injinan haƙa suka bazu cikin karkara. Dubban foraj aka haƙa a faɗin Nijar, aka ɗora musu famfon taka-taka na Vergnet ko famfon hannu samfurin Indiya. Ƙa'idar da ake bi ita ce kowane mutum 250 su samu wurin ɗiban ruwa na zamani guda. Wanda ya ga ranar da ruwa ya fara fitowa daga ƙarfe a ƙauyensu ba ya manta guɗar mata.

To amma famfo ba rijiya ba ne. Rijiya in ta lalace da hannu da kwando ake gyara ta. Famfo kuwa roba ce da ƙarfe da ake ƙerawa a wata ƙasa, in abu ɗaya ya tsage a cikin rami sai an sayo. Kuma daidai lokacin da famfunan suka yawaita ne farashin uraniyom ya faɗi, gwamnati ta shiga tsarin tsuke bakin aljihu na Asusun Lamuni na Duniya daga 1983. Ba ta da halin aika mota kowane ƙauye. Daga nan aka fito da tsari na biyu: kwamitin gari. Shugaba, ma'aji, magatakarda, mai kula da tsabta, da wani makaniki da aka horar aka ba shi akwatin kayan aiki. Gari ya tara kuɗi a kes, ko ta sayar da ruwa a guga ko ta karo-karo bayan girbi, in famfo ya tsaya a sayo abin da ya lalace.

A takarda ba abin da ya fi wannan kyau. Abin da ya faru a ƙasa kuma, masu bincike biyu, Jean-Pierre Olivier de Sardan da Abdoua Elhadji Dagobi, sun bi ƙauyukan yammacin Nijar sun rubuta shi a mujallar Politique africaine a shekarar 2000. Abin da suka tarar ba zai ba kowa mamaki ba a nan. Kwamiti kan tsaya da ƙafarsa muddin mutanen proje na zuwa. Da sun tafi, taro ya mutu, littafin lissafi ya ɓace, kes ya koma hannun mutum guda. In baƙo ya sauka, ko an zo karɓar lanho, ko wani babba ya shiga matsi, sai a ranta daga kuɗin famfo, rancen da ba a maidowa. Kuma babu mai iya tsayawa gaban jama'a ya tuhumi ma'aji, don ma'ajin kawunka ne ko surukin maigari. A wurare da dama famfon ya koma hannun wani mai hali a zahiri, shi ke gyarawa shi ke karɓar kuɗi, sunan kwamiti kawai ya rage.

Ni a ganina ba rashin amana ba ne kaɗai. An ɗora wa mutane aikin da ba albashi, aka ce su riƙe tsabar kuɗi shekara da shekaru a garin da babu banki, cikin ƙasar da yunwa ke zagayowa, kamar ta 1984. Sannan ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan gyaran da ake shigowa da su suka yi tsalle. Garin da ya tara kuɗin gyara ya wayi gari kuɗin ba su kai ba. Da yawa suka koma tsohuwar rijiya da tabki, ƙarfen famfo ya zama wurin ɗaure jaki.

A birane labarin ya bi wata hanya. A 1987 aka raba ruwa da wuta, aka kafa kamfanin ruwa na ƙasa, SNE. Bashi ya danne shi, musamman na ma'aikatun gwamnati da ba sa biyan faktir. Dokar watan Agusta 2000 ta raba shi biyu. SPEN, ta gwamnati, ita ke da kadara: shato, bututu, injina, ita ke cin bashi ta gina sababbi. SEEN kuma, daga 2001, ita ke tura ruwa, ta karanta kwantar, ta karɓi kuɗi. Kashi 51 cikin 100 na SEEN na kamfanin Faransa Vivendi ne, wanda ya koma Veolia, kashi 34 na ƴan kasuwar Nijar, 10 na ma'aikata, 5 na gwamnati. An kwaikwayi abin da Senegal ta yi ne a 1996. Garuruwa hamsin da ƴan kai ke cikin wannan yarjejeniya, Filinge na ciki. Sauran ƙasar duka, har da Damana da ƙauyukanta, sunansu ruwan karkara.

Ku riƙe wannan bambanci, don a nan talakan ƙauye ke cutuwa bai sani ba. A garuruwan SPEN farashi ɗaya ne ko'ina, ribar Yamai ke ɗauke nauyin ƙananan garuruwa. Shekaru da dama mai robine a gida yana biyan sefa 127 kan kowace lita 1000 a rukunin farko na masu ƙaramin amfani. Lita 1000 bido 40 ke nan na lita 25. Wato bido guda bai kai dala ɗaya ba. Yanzu ka lissafa naka: in a garinku ana sayar da bido dala uku, kana sayen lita 1000 a kan sefa 600. In dala biyar ne, jika guda cur. Ma'aikaci mai albashi a birni na shan ruwa da arha ninki huɗu ko fiye a kan matar da ta ɗauko shi a ka. Mutanen birni kuma sun iya kare nasu. A watan Maris 2005, da gwamnatin Tandja Mamadou ta ɗora harajin kashi 19 kan ruwa da wuta da wasu kayan abinci, ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa ƙarƙashin su Nouhou Arzika ya rufe Yamai da sauran birane har sai da aka sassauta. Ban taɓa jin an rufe kasuwa don kuɗin bidon ƙauye ba.

Kwangilar SEEN ta shekara 10 ce, aka sabunta ta a 2011, aka yi ta ƙara mata wa'adi har ƙarshen Disamba 2023. Daga Janairu 2024 kamfanin gwamnati, NDE, ya karɓi aikin. Ba Nijar ce ta fara ba. Mali ta rabu da kamfanin Saur tun 2005, kuma birnin Paris da kansa ya karɓe ruwansa daga Veolia da Suez a 2010. Sai dai wannan canji na garuruwan nan hamsin da ƴan kai ne. Bai taɓa ko famfo ɗaya na karkara ba.

Namu tsarin, na uku, ya zo ne da kwamin. Dokar Yuni 2002 ta yanka ƙasa zuwa kwamin 265, aka yi zaɓen farko ranar 24 ga Yuli 2004. Tondikandiya ta samu meri a Damana, Imanan a Bonkuku, Kurfai ta Tsakiya a Shikal, Tagazar a Balleyara, Filinge ta zama kwamin ta birni. A 2010, lokacin riƙon ƙwarya na Salou Djibo, aka fito da dokoki biyu da suka shafe mu: dokar ruwa ta 1 ga Afrilu, da kundin ƙananan hukumomi na 17 ga Satumba. A shekarar ce kuma ma'aikatar ruwa ta fitar da littafin jagora kan ruwan sha a karkara. A Janairu 2016 aka sa hannu kan takardun miƙa wa ƙananan hukumomi fannoni huɗu: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli.

Ga yadda aka tsara abin. Shato da foraj da bututu dukiyar jama'a ce, kwamin ke wakiltar mai shi. Kwamin ba ta sayar da ruwa da kanta, sai ta yi kiran tayi, ta zaɓi ɗan kasuwa, ta ba shi riƙo na wasu shekaru ƙididdigaggu. Masu shan ruwa su kafa ƙungiyarsu, AUSPE, wadda aikinta sa ido da kai kuka, ba riƙe kuɗi ba. Sai wani ofishi mai zaman kansa, SAC/SPE, da ke zagayawa yana duba kwantar da lissafi yana kai wa meri rahoto. Kuɗin kowace lita 1000 da aka sayar kuma rabawa ake yi. Kaso mafi girma na ɗan kwangila ne, ya sayi gazuwal, ya biya mai tada inji da masu zama bakin famfo, ya yi ƙananan gyare-gyare, ya ci ribarsa. Wani kaso ya shiga asusun sabuntawa da faɗaɗawa, FRE, wanda ake ajiyewa don ranar da famfon cikin rami ko gurup zai mutu gaba ɗaya. Wani ya tafi sashen ruwa da tsabta na meri, wani ya biya masu duba lissafi.

A faɗi gaskiya, wannan ya fi kwamiti ta fuska guda babba. Ɗan kwangila ba ya cin ko dala sai ruwa na zuba. In inji ya tsaya ranar Talata, shi ne zai fi kowa rashin barci, don kowace rana asara ce daga aljihunsa. Kwamiti kan yi wata uku yana taro kan wa zai tafi Yamai sayen abu, ɗan kasuwa kuwa a daren zai kama mota.

Amma irin wannan kwaɗayin yana da wata fuska, kuma ita ce ya kamata kowane ɗan AUSPE ya haddace. Kason FRE da na meri ana lissafa su ne kan yawan ruwan da aka ce an sayar. Ke nan duk litar da ba a rubuta ba, ribarta duka ta ɗan kwangila ce. In babban kwantar na bakin foraj ya lalace aka bar shi wata shida, ba wanda ya san abin da aka fitar, sai abin da mai riƙo ya faɗa. Na biyu, ƙaramin gyara nasa ne, babban sauyi na FRE ne. To mutumin da wa'adinsa ya kusa ƙarewa, me zai sa ya riƙa canza mai da tata kan lokaci? Ya bar inji ya mutu, asusun jama'a ya saya sabo. Na uku, shi ma FRE ɗin kuɗi ne a ajiye, ga meri da albashin ma'aikata ya maƙale mata. Jarabar da ta ci kes na kwamiti ba ta mutu ba, ofis kawai ta canza. Ranar da famfo ya ƙone aka buɗe asusu aka tarar wayam, gari ya koma jiran proje ko jiran ɗan siyasa, ko a aika wa ƴan ci-rani su yi karo-karo, su biya abin da iyayensu suka riga suka biya bido-bido.

Shi ma ɗan kwangilar yana da nasa kukan, kuma ba duka ƙarya ba ne. Da damina ciniki kan faɗi ƙasa, mata su koma tabki da rijiya, shi kuwa albashi bai tsaya ba. Lakkol da likita da wasu ofisoshi a ja musu bututu, faktir ya taru, ba mai iya yanke musu. Gidan wani babba ya ƙi biya, a ce a yi haƙuri. In gazuwal ya tashi, farashin ruwa na nan inda kansaloli suka tsaida shi, kuma ba kansilan da ke son a ce shi ya ƙara kuɗin ruwa. Sannan ga matsalar tsaro. Tun da aka hana hawan moto a sassan jihar Tilaberi a farkon 2020, makanikin da ke zagaya gari biyar a yini ya koma neman mota ko amalanke, kuma akwai wuraren da mai karɓar kuɗi ba ya iya kwana da jaka.

Wani abu da ya sauya lissafin duka shi ne hasken rana. Inda aka sa pano aka ajiye gurup, kuɗin gazuwal, wanda shi ne babban nauyi, ya ragu ƙwarai. In an yi kwangila zamanin gazuwal aka koma rana kuma farashin bido bai motsa ba, kason FRE bai ƙaru ba, to akwai rarar da ke tafiya wani wuri. Wannan tambaya ce ta halal, a yi ta a gaban kowa.

Sai maganar ƴan kasuwarmu na gida, wadda ake yawan yi a majalisa: me ya sa kullum baƙo ke cin kwangila? Amsar na cikin takardu. Mai neman aikin hukuma sai ya kawo rajistar kasuwanci, lambar NIF, shaidar ya biya haraji, shaidar CNSS, wani lokaci da lamunin banki. Alhajin da ke da shanu ɗari da shago uku a kasuwa yana da kuɗin da ya fi na mai jaka daga Yamai, amma ba shi da ko ɗaya cikin takardun, kuma yana tsoron in ya yi su masu haraji su san ƙofarsa. Ga shi kuma ana haɗa shato da yawa a dunƙule a ba mutum guda, don mai riba ya ɗauki marar riba. Hikimar a fili take, in ba haka ba ƙaramin gari ba zai samu mai so ba. Sai dai dunƙulen ya fi ƙarfin ƙaramin ɗan kasuwa. Abin da ke saura wa ƴan gari shi ne zaman bakin famfo, wanda galibi mata ke yi a kan kaso, da gadi, da tura ruwa a amalanke.

Wanda kuma ya daure ya yi takardun ya ci aikin gina aji ko rumfar kasuwa, sai ya haɗu da jiran biya. Kuɗin kwamin ta baitulmali suke bi, harajin da gwamnati ke karɓa a madadinta ba ya dawowa kan lokaci, tallafin hukumar ANFICT, wadda aka kafa da dokar 2008, bai taɓa isar buƙata ba. Babban ɗan kwangila na iya jiran wata takwas. Magini mai lebura shida ba zai iya ba. In ana son ƙarfafa ɗan gida, ba sai an yafe masa patanti ba. A yanka aikin daidai ƙarfinsa, a taimaka masa da takardu, a biya shi ranar da aka ce. Ukun nan sun fi kowane jawabi.

Shara fa? Nan tarihin gajere ne, don kusan ba a yi komai ba. Zamanin Kountché samariya ke fitowa da tsintsiya da ganga. Bayan taron ƙasa na 1991 samariya ta watse, aka bar ranar tsabta da ake yi in babban baƙo zai zo. An yi dokar tsabtar jama'a a 1993, akwai dokar 2014 da ta hana leda, amma duk wanda ya ratsa kasuwar Filinge ko ta Balleyara ranar Lahadi da yamma ya ga inda dokar ta tsaya, kuma mahauta sun san abin da suke tararwa a tumbin awaki. Dalilin ba boyayye ba ne. Ruwa na da kwantar, wanda bai biya ba a rufe masa. Shara ba ta da kwantar, wanda bai biya ba sai ya zuba bayan gidan maƙwabci. Ɗan kasuwa ba ya neman aikin da ba a iya hana wa wanda ya ƙi biya, sai in hukuma ce za ta biya shi, ita kuma mun ga halinta. Ko Kano da girmanta ta miƙa kwashe shara ga kamfanin Capegate a 2021, ba a daɗe ba ta soke yarjejeniyar bola na nan tuli.

Inda aka ɗan ci nasara, da ƙaramin abu aka fara. Maƙwabtanmu na Dogon Dutsi, tare da garin Orsay na Faransa da suka ƙulla abota da shi da ƙungiyar RAIL-Niger, sun bi ta hanyar bashi: a gina wa magidanci salanga da ramin ruwan wanka, ya biya sannu a hankali, kuɗin su koma a gina wa wani. Maginan garin aka horar suka yi aikin, amalanke ke kwashe shara. Kuɗin sun zagaya cikin gari ke nan. Filinge ma ta ƙulla irin wannan abota da garin Athis-Mons. Amma abin koyi a Dogon Dutsi ba Turawan ba ne, shi ne an nemo wanda zai amfana kai tsaye aka ce ya biya, aka nemo ɗan gari aka ce ya yi.

A wurinmu kuɗin shara na nan a kasuwa. Kowace ranar kasuwa ana yanka tike, na rumfa, na dabba, na tasha, masu karɓa na cin kasonsu. Da za a ware wani sanannen kaso na tiken kowace kasuwa a rubuce, a ce na share wannan kasuwar ne, a ba ƙungiyar mata ko ta matasa masu amalanke, a biya su washegari bayan an duba fili, da mai rumfa ya ga abin da tikensa ya saya. Takin ma akwai masu lambu cikin dallol da ke bukata.

Yanzu ga inda muke. Zaɓen ƙananan hukumomi na ƙarshe shi ne na 13 ga Disamba 2020. A watan Afrilu 2024 hukumomin soja suka rusa majalisun, aka naɗa wakilan gudanarwa a madadin magadan gari. Ma'anarsa kansilan da kake iya tarewa a wurin suna ka tambaye shi ba ya kan kujera. Kwangilolin ruwa kuwa ba a rusa su ba. Suna nan suna aiki, wasu wa'adinsu na cika, ana sabuntawa ko ana ba wasu, kuma asusun FRE na Tondikandiya, kwamin mai mutum fiye da dubu 100 a ƙidayar 2012, ba ƙaramin kuɗi ba ne in ana zubawa yadda aka rubuta.

Dokar 2010 ta ba ƙungiyar masu shan ruwa hurumin tambaya. Shugabannin AUSPE da masu gari na iya zuwa meri su nemi kwafin kwangilar garinsu, su duba ranar da ta fara da ranar da za ta ƙare, farashin da aka amince, da kason kowa. Su nemi rahoton ƙarshe na masu duba lissafi da takardar banki ta asusun FRE. Su je bakin foraj da idonsu su ga ko babban kwantar na juyawa, su rubuta lambar yau, su dawo bayan wata guda su sake rubutawa. Takardun da Faransanci suke, saboda haka a nemi malamin lakkol ya karanta, a fassara da Zabarmanci da Hausa da Tamajak, a faɗa a dandali ko a gidan rediyo. Wanda garinsu ya riga ya yi haka, ya rubuto mana a ƙasa nawa ake sayar da bido a wurinsu, da inji ake ko da rana, mu jera farashin gari-gari mu gani.